Itacen Gindin Randa

Azare, 6 ga Fabrairu, 2023

Zuwa ga 'yata Mas'uda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin koma Bradford lafiya, kin kuma iske aikin asibiti yadda kika bar shi. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Kunnen nan nawa yana nan da nauyinsa, shi ya sa na koma wa biro da takarda, in na gama in ɗauki hoto da waya in tura miki. Kada ki wahalar da kanki da kira, kin san sai dai mu yi ta "Me kika ce?" har ki gaji. Mahaifiyarki Adda Fatu ma lafiya, ƙafarta ce ta ɗan kumbura, ta ce tsufa ne.

Maganar itacen nan da kika kawo mini tsaraba, wanda kika ce sunansa ceri. To, an ƙwace mini shi. Washegarin tafiyarki Adda ta zo gidana, ta same shi a bokiti, ta tambaye ni na mene ne. Na ce fure yake yi. Ta ce 'ya'ya fa? Na ce babu na ci. Inuwa? Kaɗan. Magani? Ban sani ba. Ta ce, "Ai kuwa 'yar gidanka ta yi aikin banza." Sai ta sunkuya ta ɗauke shi da bokitin gaba ɗaya. Shekara talatin na yi ina renon itatuwa a gandun daji, amma yayata ta ce hannuna bai da sanyi.

Ta dasa shi a tsakar gidanta, a gindin randa, inda ruwa ke ɗiga. Ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Yanzu ya fitar da ganye bakwai, ita ta ƙirga.

Ga tambayoyinta. Ta ce in tambayi "waccan": sau nawa ake ba shi ruwa? Yana son takin shanu ko na awaki? Yaushe zai yi furen? Kin san ba ta kama sunanki, tunda ke ce ta fari, kuma tun da aka yaye ki aka miƙo ki hannuna. Ita ma haka aka ƙi kama nata sunan. Ki amsa dalla-dalla, don ba ta barina in huta.

Kawunki,
Jalo

Bradford, 2 ga Maris, 2023

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na yi dariya ni kaɗai a cikin bas har wata tsohuwa ta juyo tana kallona. Ina lafiya, sai sanyi da gajiyar aiki. Allah ya ƙara wa Adda sauƙin ƙafar, ta rage gishiri, ta riƙa ɗora ta kan matashi in ta zauna.

Ruwa sau ɗaya a rana, da safe, kada ya kwanta a gindinsa. Takin shanu wanda ya bushe ya ruɓe, ɗan kaɗan. In zafi ya shigo a yi masa rumfa. Ka duba ƙasa-ƙasa za ka ga wani kumburi a jikinsa, wurin aure ne, irin wanda kake yi wa mangwaro. Na sama shi ne mai furen, na ƙasa saiwa kawai ya ba da.

Maganar fure kuwa, gara in faɗa maka gaskiya. Itacen nan sai ya sha sanyi mai tsanani na watanni, ya zubar da ganye kaf, ya yi kamar ya mutu, sannan yake fure. Sanyinmu na Azare wasan yara ne a wurinsa. Na san haka tun a shagon da na saye shi. Amma akwai su jere a layinmu, duk Afrilu sai su rufe da fure fari mai ratsin ja, in iska ta kaɗa ya yi ta zuba a kan mutane. Duk lokacin da na bi ta ƙarƙashinsu kai nake tunawa, shi ya sa na rufe ido na saya.

Kai na kawo wa, Kawu. Sati uku na yi a gida, kuma in ka haɗa duk maganar da Adda ta yi mini ba za ta cika shafi ɗaya ba. "Kun zo lafiya?" "A ba baƙuwa abinci." Baƙuwa fa, Kawu. Ƙanena Yunusa in ya kira ta daga Kano sai su yi awa guda suna hira, ni kuwa da ta ji muryata sai ta ce, "Ga Kawunki." Na san al'ada ce, ba sai an sake yi mini bayani ba. Amma abin yana yi mini ciwo, ko da na kai shekara talatin da huɗu. Yanzu ga shi itace ya samu abin da ban samu ba, har ganyensa ake ƙirgawa.

'Yarka,
Mas'uda

Azare, 14 ga Mayu, 2023

Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, an kuma yi sallah lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, azumin bana ya zo da zafi, na kasa zama in yi rubutu. Mu nan da sauƙi. Adda ta daina ɗaukar bokiti, a kan kujera take zama tana zuba ruwan da moɗa, tana hutawa a tsakani.

Kin ja mini aiki da maganar sanyin nan. Na gaya mata sai ya sha sanyi yake fure. Bayan kwana biyu na je na iske gindin itacen cike da ƙanƙara. Kin tuna Adanna, 'yar Ibo ɗin nan mai shagon lemo a jikin katangarsu, wadda ta fi ni iya Hausar kasuwa? Tana da firiza mai aiki da sola. Kullum da safe sai ta shigo da ɓaraguzan ƙanƙara a roba, su biyu su jera a gindinsa kamar masu kwalliyar amarya. Na ce, "Adda, ba haka ake nufi ba, iskar garin ce gaba ɗaya sai ta yi sanyi." Ta ce, "To ka sanyaya garin, ni in bar ƙanƙara." Adanna ta goyi bayanta, suka haɗu a kaina.

Duk da rumfar zanan da na kafa masa, zafin Afrilu ya yi masa illa. Saman ya bushe. Na kankare ɓawon da farce, babu ɗanye ko kaɗan. Amma daga ƙasan wurin auren toho uku sun fito, kore shar, suna ta tsawo. Ni da na aurar da mangwaro ya fi dubu na san abin da hakan ke nufi. Na zaro wuƙa zan cire su kamar yadda muke yi, Adda ta daka mini tsawar da har ni kurma na ji ta sarai.

Ga tambayarta ta wannan karon, guda ɗaya ce. Ta ce in tambaye ki, tunda ke kika san halin itacen, ko za ki samu hutu ki zo ki gan shi da idonki kafin ƙarshen shekara.

Kawunki,
Jalo

Bradford, 3 ga Yuni, 2023

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau nake, ina gaishe ku duka.

Kai ma ka san amsar. In saman ya bushe, itacen da na kawo ya mutu. Tohon da ke fitowa na saiwar ne, ko ya kai tsawon katanga ba zai taɓa yin furen da na ba ka labari ba. Don Allah a daina wahalar da Adanna, a daina ɓarnar ƙanƙara. Ka gaya wa Adda gaskiya, ta tuge shi ta shuka zogale a wurin, ko miya a samu.

Zancen zuwa kuma, wata biyar ke nan da dawowata, ba a ba da hutu haka kawai. Ko da ana bayarwa, ba zan tsallako teku saboda busasshiyar sanda ba. Da ni aka ce ana son gani, da wata magana ce. Amma shekara talatin da huɗu ba a taɓa cewa in zo ba, sai yau da itace ya yi rashin lafiya aka tuna ni nas ce.

Ka yafe mini zafin maganar, kai kaɗai nake iya faɗa wa.

Mas'uda

Bradford, 17 ga Satumba, 2023

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Fiye da wata uku ban ga rubutunka ba. Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba, na san dalili, amma ko layi biyu ai ka turo. Yunusa ya ce kowa lafiya, sai dai yadda ya yi saurin ajiye wayar bai kwanta mini ba.

In fushi kake da ni kan wasiƙar nan, na karɓi laifina. Jiya na zauna na sake karanta wasiƙunka tun daga ta farko, a natse, yadda nake karanta takardar majinyaci. A Fabrairu ƙafa ta kumbura. A Mayu ta daina ɗaukar bokiti, tana hutawa tsakanin moɗa da moɗa. Da a asibitinmu aka rubuta mini haka a kan wata tsohuwa, da tuni na kira likita. Ni kuwa na tsaya ina kishi da itace.

Ka gaya mini gaskiya, me ke damun Adda? Tana iya kwanciya sosai, ko sai an jingina ta? Tana haki in ta yi magana?

'Yarka,
Mas'uda

Azare, 1 ga Oktoba, 2023

Mas'uda,

Wa'alaikumus salam. Ba fushi nake ba. Kunya ce ta hana ni rubutu, da kuma alkawarin da aka ɗora mini, wanda yau zan karya. Allah ya yafe mini.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk wasiƙar da kika turo, a gaban Adda nake karanta ta, da ƙarfi. Ita ta sa wannan doka tun ta farko. Takan ce maganar itacenta ce, dole ta ji da kunnenta kada in rage. Sai ta juya mini baya tana tsintar shinkafa kamar ba ta saurare, amma in na gama sai ta ce, "Wajen taki ban ji ba, koma daga farko." Wasiƙarki ta Maris sau biyar na karanta mata. Wurin da kika yi ƙorafi nakan tsallake, kuma na sha da ita.

Ta Yuni ce ta kama ni. Gajera ce, na zo kan maganar teku da sanda na yi tuntuɓe, na yi tsalle zuwa gaisuwar ƙarshe. Ta ce, "Jalo, idonka ya yi tafiya bakinka bai bi ba. Koma." Na ce ba komai ba ne. Ta ce in koma. Na karanta mata duka, har da "Da ni aka ce ana son gani." Sai ta ce, "Ta yi gaskiya." Tun ranar ba ta sake ba ni tambaya ba, ni kuma na rasa abin da zan rubuta.

Bayan sati guda na daure na ce mata, "Adda, itacen nan fa ba zai yi fure ba, tohon na saiwa ne." Kin san amsar da ta ba ni? Ta ce, "Kai ka ɗauka ni yarinya ce? A garinmu Disina wa ke riƙe wa Baba zare in yana aurar da mangwaro, kai kana tsumma? Tun ranar da saman ya bushe na sani." Na ce to ƙanƙarar fa, da tambayoyin? Ta ce, "In na ce ya mutu, me zan sa ka tambaye ta?"

Wallahi Mas'uda na yi zaune kamar an doke ni. Ni da nake taƙama da sanin itace, wata biyu ina ɓoye mata abin da ta riga ni sani.

Ciwon kuwa na zuciya ne. A Agusta ta kwana tara a asibiti. Ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, kuma tana haki. Likita ya ba da magani, ya ce a lallaɓa, bai ƙara komai a kai ba, ke kin fi ni sanin abin da hakan ke nufi. Ta sa ni da Yunusa muka yi alkawarin ba za mu gaya miki ba. Ta ce ba za a ce ta buɗe baki ta kira 'yar fari ba, kuma ba ta so ki bar aikinki saboda ita. Na sha yi miki bayanin al'adar nan ina kare ta, yau kam na gaji da ita. Bakinta ba zai iya cewa ki zo ba. Iyakar abin da ya iya ke nan, ki zo ki ga itace.

Har yau Adanna tana kawo ƙanƙarar. Adda ba ta iya sunkuyawa, sai ta nuna mata inda za ta ajiye.

Kawunki,
Jalo

Bradford, 2 ga Oktoba, 2023

Kawu,

Wannan shafin naka ne kai kaɗai, kada ka karanta mata.

Na karanta wasiƙarka a ɗakin canza kaya, na kasa fita sai da wata abokiyar aiki ta zo ta riƙe ni. Shekara shida ina juya iyayen mutane a kan gado, ina shafa musu mai a ƙafa, tawa uwar tana haki a kan kujera ina aika mata maganar sanda. Ban san yadda zan ɗauke wannan maganar daga kunnenta ba. Yau na je wurin shugabarmu, na ce ko a ba ni hutu ko a nemi wata. An ba ni sati huɗu. Ka turo mini hoton duk magungunanta da takardar asibiti.

Na so in rubuta mata kai tsaye, in kira ta da sunan da ban taɓa kiranta da shi ba. Na fara sau uku ina gogewa. Na gane in na yi haka zan sa ta a kwana, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Bari in bi ta ƙofar da ta buɗe mini.

Shafi na biyu shi ne na karantawa. Ka ɗaga murya, kada ka tsallake komai.

Kawu, na sake tunani kan itacen nan, na ga na yi gaggawa. Kada a tuge shi, kada a yanke tohon. Wanda ya rene shi a zafin Azare har ya kai yau ya fi ni sanin halinsa, kuma ina neman afuwarsa kan abin da na faɗa. Irin wannan itace ba a gane lafiyarsa a hoto, sai an zauna kusa da shi kwana da kwanaki. Zan iso ranar sha tara ga wata in Allah ya yarda. A ajiye mini tabarma a gindin randa, don a nan zan riƙa wuni.

'Yarka,
Mas'uda

Azare, 9 ga Disamba, 2023

'Yata Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Adda, ya sa ta huta, ya ba mu juriyar rashinta. Yau kwana bakwai. Baƙi sun ragu, na Disina da Gamawa sun koma, Yunusa zai zauna har sati mai zuwa. Na san ya gaya miki komai a waya, amma akwai abin da ni kaɗai na sani, kuma ba na so ya bi ta bakin wani.

Da farko ki daina cewa da kin sani da ba ki koma ba. Kin zo, kin yi sati huɗu a kan tabarmar nan. Ina kallonku, ke kina matsa mata ƙafa, ita tana kallon itace tana ba shi labarin yadda aka yi goyon wata yarinya mai kukan tsiya, da yadda aka yi kwana arba'in ba a iya cin tuwo ba bayan an miƙa ta gidan Jalo. Ke ma itacen kika kalla kika ba shi amsa. Adanna ta ja ni gefe ta ce, "Baba Jalo, mutanen nan lafiyarsu ƙalau kuwa?" Na ce mata ba su taɓa yin lafiya irin ta yau ba.

Ranar Juma'a da hantsi, kwana ɗaya kafin rasuwarta, ta sa aka fito da ita tsakar gida. Ganyen tohon ya fara zuba, na ce mata kada ta damu, lokacinsa ne. Ta ce ta sani. Sai ta ce, a hankali, tana haki:

"Jalo, ka rubuta wa Mas'uda, ka ce ta riƙa sa rigar sanyi."

Na ji ta sarai. Kunnen nan da ya ƙi jin kiran sallah daga masallacin unguwa, ranar bai ɓata ko harafi ɗaya ba. Amma sai na kara hannu a kunne na ce, "Wa kika ce?"

Ta harare ni, irin hararar da take yi mini tun muna yara, don ta san na ji. Ta ja numfashi, ta ɗaga murya har Adanna ta jiyo daga shago.

"Mas'uda na ce."

Allah ya yafe mini wannan ƙaryar, amma ban yi nadama ba. Na so ki samu sunanki a bakinta sau biyu.

Itacen yana nan. Na ce wa Adanna ta huta da ƙanƙara, ta ce ba ni na sa ta ba. Ni ke ba shi ruwa yanzu, kullum da safe, kuma wuƙata ba za ta taɓa tohon nan ba. Ba zai yi fure ba, duk mun sani.

Ki riƙa sa rigar sanyi.

Kawunki,
Jalo